Shimfiɗar takalmi mai auna taku: me za ta yi wa mai ciwon suga?

Mai lafiya idan tsakuwa ta shiga takalminsa, nan take zai tsaya ya fitar da ita. Wanda ciwon suga ko kuturta ta kashe wa jijiyoyin ƙafa kuwa, sai ya wuni yana zagaya kasuwar Ƙonni da tsakuwar bai ji komai ba. Daga nan kanta ke fitowa, ta fashe ta zama gyambo, gyambon ya ci har ƙashi. Wasu ba sa isa asibitin Galmi, wanda ƙungiyar SIM ta buɗe a 1950 a yankin Malbaza, sai abin ya kai ga tiyata.

Domin irin waɗannan ƙafafu aka ƙera shimfiɗar cikin takalmi mai na'urorin auna nauyi. Siririya ce, cikinta an jera ƙananan ma'aunai daga diddige zuwa ƴan yatsu. Kowane taku, sai su auna ƙarfin da ya danne wurin, su aika wa salula ko kwamfuta, inda ake ganin hoton tafin ƙafa da launuka. Samfurin Pedar na kamfanin Novel a Jamus yana da ma'aunai 99 a kowace ƙafa. Masana sukan so nauyin ya tsaya ƙasa da kilopaskal 200 a wurin da ya taɓa yin gyambo; idan ya haura, sai a gyara takalmin.

Dabarar ta girmi salula. Dokta Paul Brand, likitan Ingila da ya yi aiki da masu kuturta a Indiya, shi ya nuna cewa rashin jin zafi da yawan dannar wuri guda ne ke cinye ƙafa. A shekarun 1960 ya gwada safa mai ƴan ƙwayoyin rini da ke fashewa inda nauyi ya yi yawa.

Na zamani har gargaɗi suke yi. A wani bincike da aka yi a Ingila aka wallafa a 2019, masu ciwon suga sun sa shimfiɗar da ke kaɗa agogon hannu idan wuri ya daɗe a danne, kuma dawowar gyambo ta ragu da kashi 71 cikin 100. Mutane 58 kacal aka gwada, don haka a yi hattara da lissafin.

Sai dai shimfiɗar tana son rufaffen takalmi da caji da kuɗi. A Ƙonni da Malbaza da Illela silifa ce ta fi yawa, ita ma a cire ta a ƙofar ɗaki da masallaci, alhali na'urar ba ta auna takun da aka yi ba takalmi.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne duban tafin ƙafa kowace rana, da madubi ko idon ɗan uwa, musamman lokacin alwala, da zazzage takalmi kafin a sa. Kanta, ja, ko wuri mai ɗumi fiye da ɗaya ƙafar, duk dalili ne na zuwa likita tun fata ba ta fashe ba.