Sabo Turken Wawa: Inda Mai Son Barin Giya Zai Sami Abokan Tafiya a Kano

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a shekarar 2000, an haramta sha da sayar da giya, kuma Hukumar Hisba da aka kafa a 2003 takan fasa kwalabenta a bainar jama'a. Duk da haka, akwai waɗanda sabo ya riga ya ɗaure, cikinsu har da wasu ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda aikin dare da ɗaukar kaya da warin sinadaran jimar fata kan sa mutum ya nemi abin da zai kashe masa gajiya. Irin wannan mutum a ɓoye yake sha, a ɓoye kuma yake wahala. To, idan ya yi niyyar bari, wa zai tunkara?

Abin da Giya Ke Yi wa Ƙwaƙwalwa

Sinadarin da ke sa maye a burkutu da ogogoro da giyar kwalba duk ɗaya ne, wato itanol. A ƙwaƙwalwa yakan ƙarfafa saƙonnin da ke kwantar da jijiyoyi, ya danne masu zaburar da su, ya kuma sa a saki dofamin, sinadarin da ke sa mutum ya so maimaita abin da ya yi masa daɗi. Idan shan ya ɗore, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara wa saƙonnin zaburarwa ƙarfi domin ta daidaita kanta. Ranar da aka yanke giya kwatsam, sai jiki ya zama tamkar motar da aka taka wa totur alhali birkinta ya tsinke. Cikin awa 6 zuwa 24 karkarwa da gumi da rashin barci kan fara. Wasu sukan yi jijjiga, wasu kuma bayan kwana 2 zuwa 3 su shiga ruɗewa da gane-gane, wanda kan iya kisa.

Saboda haka wanda ya daɗe yana sha kullum, kada ya bari shi kaɗai a ɗaki. Ya fara zuwa asibiti. A Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da kuma asibitin Dawanau.

Me Ya Sa Ake Buƙatar Abokai?

Karkarwa takan wuce cikin kamar mako guda, amma kwaɗayi yakan daɗe. Ƙwaƙwalwa ta riga ta haɗa giya da ranar albashi, da hanyar da aka saba bi bayan tashi daga aiki, da abokan da aka saba zama da su. Wanda ya bar giya ya rasa majalisarsa, kuma sai ya sami wata.

Wannan ne abin da wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gano a garin Akron na Amurka a 1935, lokacin da suka lura cewa tattaunawa da juna tana hana su komawa. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous. A 1989 Musulmin birnin Baltimore suka kafa Millati Islami, suka ɗora irin wannan tsari kan koyarwar addininsu. A 2020 masanan cibiyar Cochrane sun tattara bincike 27 da suka ƙunshi mutum fiye da 10,000, suka ga cewa shirye-shiryen da ke haɗa majinyaci da irin wannan taro sun fi sauran hanyoyin ba da shawara taimaka wa mutane su ɗore ba tare da sha ba. Ashe dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yadda Za a Nemi Taron

Irin wannan taro ba ya kafa allo a bakin titi, musamman a garin da tonon asiri kan jawo wa mutum kunya da hukunci. Hanya mafi aminci ita ce a tambayi likita ko jami'in walwala na asibitin da aka je. Akwai kuma tarukan da ake yi ta intanet dare da rana, waɗanda mai aikin dare zai iya shiga da wayarsa ba tare da ya faɗi cikakken sunansa ba. A ƙa'idar Alcoholics Anonymous ma, mutum biyu ko uku masu son bari sun isa su kafa nasu zaman.

Taro na gari yana da alamomi: ba a biyan kuɗin shiga, ba a sayar da magani, ba a tilasta kowa, kuma abin da aka faɗa a ciki ba ya fita waje. Duk inda aka ga mari ko bulala, a guje shi. A 2019 hukumomi sun rufe irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina, bayan an tarar da ɗaruruwan mutane a tsare, da dama cikinsu a ɗaure.

Kira ga Malamai da Ɗalibai

A cikin ajinku ana iya samun yaron da mahaifinsa ko yayansa ke cikin wannan hali. Malam, idan ka zo darasin hanta da jijiyoyi, ka bayyana cewa sabon giya ciwo ne mai magani. Kai kuma ɗalibi, ka rufa wa ɗan'uwanka asiri, ka sanar da babban da ka amince da shi, a raka shi asibiti. Idan ya koma ya sha bayan wata uku, kada a yanke masa ƙauna. A sake raka shi, domin da yawa sai da suka faɗi suka tashi kafin ƙafarsu ta tsaya.