Ruwan Kujama ba ya jiran digiri 100 kafin ya tafasa

Ɗan ƙanwata yana aji biyu a babbar sakandare a nan Kujama, hedikwatar ƙaramar hukumar Chikun. Ranar nan ya dawo daga makaranta, na karɓi littafin da yake rubuta gwaje-gwaje ina dubawa, sai na ga wuri guda an dirje shi da magogi har takardar ta kusa hujewa. Da na tambaye shi dalili, ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, ruwa muka tafasa muka tsoma ma'aunin zafi, ya tsaya a 98 ya ƙi gaba. Ababio kuwa 100 ya ce. Shi ne na goge na sa na littafi, kada malam ya rage mini maki."

Abin da ya goge shi ne daidai. Shi ma Ababio, marubucin littafin nasu, bai yi ƙarya ba, domin ya faɗi sharaɗin, yaron ne ya tsallake shi: ruwa yana tafasa a digiri 100 idan matsin iska ya kai irin na bakin teku, wato milimita 760 a ma'aunin zaiba. Mu kuwa nan yankin Kaduna a kan tudu muke, wajen mita 600 sama da teku. Iskar da ke danne saman tukunyarmu ba ta kai ta Legas nauyi ba, saboda haka ruwa yakan samu sauƙin tashi ya zama tururi. Duk hawan mita 300, zafin tafasa yakan ragu da kusan digiri ɗaya. Mai shayin Kujama ruwansa na tafasa wajen 98, na Jos kuwa wajen 96, tun da can sun fi mu tudu.

Wannan ne ya sa nake son in yi magana a kan wasu littattafai da ɗalibanmu ba su cika sanin da su ba. Duk wanda ya yi ajin kimiyya a Najeriya ya san New School Chemistry na Osei Yaw Ababio, har sunan marubucin ya cinye na littafin, sai ka ji ana cewa "ara mini Ababionka". A fiziks akwai na Okeke da Anyakoha, waɗanda suka yi gaba kuma sukan gamu da Nelkon da Parker. Waɗannan na koyo ne, ana bin su babi bayan babi. Amma akwai wani jinsin dabam, littattafan tuntuɓa, waɗanda ba wanda yake zama ya karance su daga bango zuwa bango. Kamar ƙamus suke: ka buɗe, ka ɗauki lambar da kake nema, ka rufe. Ɗan ƙaramin littafin lambobin nan mai gida huɗu da ake shiga jarrabawar WAEC da shi, ɗan autansu ne.

Babban wansu shi ne CRC Handbook of Chemistry and Physics. Asalinsa abin dariya ne. Wani kamfani ne a birnin Cleveland na Amurka da ke sayar da kayan roba ga ma'aikatan ɗakunan gwaji, ya buga ɗan littafi mai shafi 116 a 1914 don amfanin masu sayen kayansa. Littafin ya yi ta kumbura shekara bayan shekara har ya haura shafi dubu biyu, a 2019 aka fitar da bugu na 100, cinikin robar kuwa tuni an manta da shi. Turawan Ingila suna da nasu, na Kaye da Laby, wanda ya fara fitowa a 1911. Masu harhaɗa magunguna suna duba Merck Index, wanda yake nan tun 1889, injiniyoyin sinadarai kuma littafin Perry, tun 1934.

Idan ka buɗe ɗaya daga cikinsu ka nemi ruwa, ba za ka tarar da lamba ɗaya tilo ba. Jadawali za ka gani mai tsawo: a matsin iska kaza, zafin tafasa kaza. A saman kowane jadawali an rubuta yanayin da aka yi awon, a ƙasa kuma da ƙananan haruffa an faɗi inda aka samo lambobin. To waɗannan wuraren da ido yake tsallakewa, su ne rabin littafin. Matar da ta je sayen masara kasuwa ba ta taɓa yarda da "kwano goma" sai ta tambaya wane kwano, mudu ne ko tiya, a cike da tozo ko a shafe. Amma ɗanta zai haddace 22.4 a matsayin girman iskar gas, bai taɓa tambayar a wane zafi ba, a wane matsi. Lambar nan a digiri sifiri take aiki. A ɗakin gwajinmu cikin watan Maris, lokacin da kwanon rufi yake ƙara don zafi, iskar ta buɗe ta haura 25. Har ma ƙungiyar masana sinadarai ta duniya ta sauya ma'aunin matsin da ake kafa hujja da shi tun 1982, wanda ya mai da lambar 22.7, ga shi kuwa har yau littattafan sakandare suna kan ta da.

Haka abin yake da ƙarfin jan ƙasa. A aji mukan ce 10 don sauƙin lissafi, ko 9.8. Gaskiyarsa yana sauyawa daga 9.78 a layin tsakiyar duniya zuwa 9.83 a ƙuryar arewa da ta kudu, mu kuma da yake kusa da tsakiyar muke, namu na wajen 9.78 ne. Ga mai jarrabawa wannan ba komai ba ne. Ga wanda zai yi aiki a wuri irin matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 nan kusa da mu, don raba ɗanyen mai zuwa fetur da kananzir da gas ta hanyar bambancin zafin tafasarsu, sakaci da digiri biyu asarar kuɗi ce, wani lokaci har da hatsari.

Lambobin kuma suna tsufa, abin da mutane da yawa ba su sani ba ke nan. Jadawalin sinadarai da Mendeleev ya tsara a 1869 yana da sinadarai sittin da 'yan kai. Wanda ke manne a bangon wasu makarantunmu, rana ta cinye launinsa, a ɗari da 'yan kai ya tsaya. Yau 118 ne, huɗun ƙarshe a 2016 aka raɗa musu suna. Kilo ma kansa ya sauya ma'ana. Tun 1889 wani dunƙulen ƙarfe ne da ake ɓoye a kusa da birnin Faris na Faransa, duk kilon duniya da shi ake gwada shi. Daga 20 ga Mayu 2019 aka sallame shi, aka ɗora kilo a kan lambar Planck. Mai sayar da citta a Kachia ba zai ga bambanci a sikelinsa ba, amma ɗalibin da ya kwafi ma'anar kilo daga tsohon bugu ya rubuta abin da aka daina. Don haka kafin komai a juya bayan shafin farko a ga shekarar bugu. Wanda zai rubuta kundin digiri a jami'ar jihar Kaduna, ko a reshenta na Kafanchan, ya rubuta bugun da shafin da ya ɗauko kowace lamba.

Na san tambayar da za ta biyo baya: ina kuɗin? Sabon CRC ya fi ƙarfin aljihun malamin makaranta, balle ɗalibi. Wuraren neman irinsa su ne manyan ɗakunan karatu, kamar na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Tsohon bugu ma na gwanjo yana da amfani matuƙa, domin zafin narkewar gishiri bai sauya ba, sai dai a kiyaye da abubuwan da na ambata. Mai waya kuwa yana da rumbuna biyu na kyauta a intanet waɗanda hukumomin Amurka ke kula da su, PubChem da NIST Chemistry WebBook, kuma suna nuna tushen lambobinsu. Abin da nake jan kunne a kansa shi ne littattafan jabu masu arha, waɗanda tawadarsu ta dushe har ba ka rabe 3 da 8, da kuma hotunan jadawali da ake turawa a WhatsApp an yanke musu kai da gindi.

Ɗan ƙanwar tawa dai na sa shi ya mayar da 98 ɗinsa, ya rubuta a gefe cewa a Kujama aka yi awon. Washegari da yamma na tarar da shi a bakin murhun uwarsa da ma'aunin zafin da ya aro, ya zuba gishiri cokali uku a tukunya yana jira ya ga ko lambar za ta motsa, ita kuma tana daga ɗaki tana faɗan gawayinta da yake ƙarewa.