Sudan: Me ya sa murjanin Bahar Maliya bai san iyakar ƙasa ba?

Mazaunin Umdurman da ke sayen kifin Nilu a kasuwar Maurada zai iya ɗauka cewa teku ba ta shafe shi ba. Amma Sudan na da gaɓa mai tsawon fiye da kilomita 700 a Bahar Maliya, kuma Hausawa sun daɗe da saninta: ta Sawakin alhazan ƙasa ke tsallakawa zuwa Jidda, garin da aka gina tsoffin gidajensa da dutsen murjani.

Murjani halitta ce mai rai. Ƙananan dabbobi ne ke taruwa, suna gina ƙwarangwal na farar ƙasa, har ya zama tsibi a ƙarƙashin ruwa, inda kifaye ke fakewa su hayayyafa. Cikin jikinsu akwai wata irin gansakuka da ke ba su abinci da launi. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, murjanin kan kore ta, ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu.

A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya wurare biyu na Sudan cikin kayan gadon duniya: Sanganeb, mai nisan kusan kilomita 25 daga gaɓa, da mashigin Dungonab tare da tsibirin Mukawwar, kimanin kilomita 125 arewa da Bur Sudan. Akwai ayun teku, da kunkuru, da kifin shak, da kifin manta mai faɗin fikafikai. Tun 1963 Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa gidan bincike a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi.

To ina batun dangantaka? Murjani ba ya tafiya, amma 'ya'yansa na tafiya. Yana sakin ƙwai a ruwa, ƙananan tsutsotsin da suka fito su bi igiya na kwanaki ko makonni kafin su manne a wani wuri. Masana na gwada ƙwayoyin gado na murjani da na kifi daga wurare daban-daban. In sun yi kama, alama ce ta cewa ana musayar iri tsakaninsu. In sun bambanta, to akwai shinge. Bincike kan wani ƙaramin kifi mai ratsi biyu ya nuna cewa na kudancin Bahar Maliya sun ɗan ware daga na tsakiya da arewa.

Amfanin wannan ilimi a bayyane yake. Tsibin da ya mutu ba zai farfaɗo ba sai an samu lafiyayyen tsibi da zai turo masa iri, kamar manomin da ya rasa amfanin gona ya je neman iri wajen maƙwabci. Maƙwabcin na iya kasancewa a ruwan Masar, Saudiyya ko Eritiriya. Ga shi kuma an gano cewa murjanin arewacin tekun, wajen Aƙaba, na jure zafi fiye da na sauran sassan duniya da dama, abin da ya sa ake kallon yankin a matsayin rumbun iri.

Ƙasashen yankin suna da yarjejeniyar Jidda ta 1982 da ƙungiyar PERSGA don kula da tekun tare. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tura ma'aikatun gwamnati da ɗimbin jama'a zuwa Bur Sudan, ya ƙara nauyi a kan gaɓar. A Maris 2024 kuma jirgin Rubymar ya nutse a kudancin tekun da lodin takin zamani.

Kafa gandu ɗaya a kewaye shi bai wadatar ba. Sai an kare wuraren da iri ke fitowa da hanyoyin da yake bi, domin abincin masuntan Dungonab da Muhammad Ƙol ya dogara a kan haka.