Ziyarar Toledo, Tsohon Birni a Ƙasar Sifaniya

Idan aka ambaci Turai, abin da yakan fara zuwa a ran ɗalibi shi ne manyan birane irin su Landan da Paris, masu dogayen benaye da jiragen ƙarƙashin ƙasa. Amma akwai ƙananan garuruwa da yawa a nahiyar waɗanda suka girmi benayen nan da ɗaruruwan shekaru, kuma mutane sukan taso daga ƙasashe masu nisa don su gan su. Irin wannan tafiya ita ake kira yawon buɗe ido, wato mutum ya bar gida don ya ga wurare ya ƙaru da sani, ba don fatauci ko neman aiki ba. A wannan darasi za mu ziyarci ɗaya daga cikin garuruwan nan, birnin Toledo da ke tsakiyar ƙasar Sifaniya. Mazaunansa ba su kai 100,000 ba, kuma a cikin awa guda mutum zai iya ratsa tsohon garin da ƙafa. Duk da haka, wanda ya ratsa shi cikin awa guda bai ga komai ba, domin kusan kowane gini a cikinsa ya taɓa zama wani abu dabam kafin ya zama abin da yake a yau. Aikin baƙo shi ne ya koyi gane wannan.

Ku fara da shirin tafiya. Ɗan Najeriya yana bukatar fasfo da biza, wadda ake nema tun daga gida, kuma kuɗin da ake kashewa a can shi ne yuro. Jirgin sama zai sauke ku a Madrid, babban birnin ƙasar. Daga tashar Atoca a Madrid akwai jirgin ƙasa mai gudu wanda yakan cinye kilomita 70 ɗin da ke tsakanin biranen biyu cikin kamar rabin awa. Ku sayi tikitin zuwa da na dawowa tun da wuri, saboda kujeru sukan ƙare.

Da kun fito daga tasha za ku hangi garin a kan dutse, gidaje sun hau kan juna har zuwa ƙololuwa. Kogi ya kewaye dutsen ta ɓangare uku. Sunan kogin ana rubuta shi Tajo, amma mutanen ƙasar Taho suke furtawa, sai ka ce Bahaushe ne yake kiran baƙo. Wannan dai dacewa ce kawai, kalmomin biyu ba su da dangantaka. Ɓangare na huɗu, inda babu ruwa, shi aka toshe da ganuwa mai ƙofofi. Ganuwa ita ce katangar da ake kewaye gari da ita don tsaro, irin wadda kuka karanta labarinta a Kano da Zariya. Mai son sauƙi zai iya hawa da mota, ko ya bi matakalar lantarki da aka kafa a jikin dutsen. Shawarata ita ce ku taka da ƙafa ta kan gadar Alkantara. Rumawa ne suka fara gina ta, aka yi ta gyarawa bayansu. Sunanta kuwa daga Larabci ya zo, kuma ma'anarsa gada. Ke nan duk wanda ya ce gadar Alkantara, gadar gada ya ce.

Me ya kawo Larabci nan? Rumawa sun ci garin kusan shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, suna kiransa Toletum. Bayan daularsu ta rushe, wata al'umma da ake kira Bisigot ta mayar da shi babban birninta. A shekarar 711 rundunar Ɗariƙu bin Ziyad ta tsallako daga Arewacin Afirka, ba da jimawa ba garin ya shiga hannun Musulmi, suka riƙa kiransa Ɗulaiɗila. Sun riƙe shi fiye da shekara 370, har zuwa 1085 lokacin da Sarki Alfonso na Shida ya karɓe shi. Daga nan ya zama ɗaya daga cikin manyan garuruwan sarakunan Kirista. A 1561 Sarki Filib na Biyu ya kwashe fadarsa ya kai Madrid, dukiya da manyan mutane suka bi shi sannu a hankali. Wannan rashi shi ya ceci Toledo. Inda kuɗi suke, nan ake rushe tsohon gini a yi sabo, a faɗaɗa hanya. Toledo ba ta sami kuɗin rushe kanta ba, sai ta zauna kusan yadda take. A 1986 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

In kun gama hawa za ku iso dandalin Zokodober, cibiyar garin, inda ake zama a sha kofi a kalli masu wucewa. Ku tsaya ku saurari sunan da kyau. Asalinsa Larabci ne, suƙud dawabbi, wato kasuwar dabbobi, irin wadda muke kira kara. Kalmar dabba da kuke koyo a Hausa daga wannan tushe ta fito. Ba ita kaɗai ba ce. Magajin gari a harshen Sifaniyanci alkalde ne, mu kuma muna da alƙali, duka biyun daga alƙadi na Larabci. Suna cewa asukar, muna cewa sukari. Suna cewa asaituna, muna cewa zaitun. Harsunan biyu ba su ara daga juna ba. Kowanne ya ɗebo ne daga rijiya ɗaya, ɗaya ta arewacin teku, ɗaya ta kudancin hamada.

Daga dandalin hanyoyi suka rarrabu, kuma yawancinsu lunguna ne. Lungu ƙaramar hanya ce matsattsiya tsakanin gidaje. Wasu lungunan Toledo, in mutum ya miƙe hannuwansa biyu, zai kusa taɓa bangon dama da na hagu. Suna lanƙwasa, suna hawa, suna gangara, wasu kuma ba su ɓullewa. Ba rashin dabara ya sa aka yi su haka ba. Matsattsiyar hanya tana riƙe inuwa a lokacin zafi, kuma gidajen sun juya wa hanya baya, sun fuskanci tsakar gida. Za ku ɓata, ko da kuna riƙe da taswira a waya. Kada wannan ya dame ku. Garin ƙarami ne, kuma matambayi ba ya ɓata. Ku dai sa takalmi marar tsini, domin an shimfiɗe hanyoyin da duwatsu.

In da za a ce in zaɓar muku gini ɗaya tak, da ƙaramin masallacin Babul Mardum zan zaɓa, wanda a yau ake kira Kiristo de la Lus. Yana kusa da ɗaya daga cikin ƙofofin arewa. Faɗinsa da tsawonsa kamar mita takwas takwas ne, bai fi ajinku girma ba. A saman bangon gaba akwai rubutun Larabci da aka tsara da gasasshen tubali. Rubutun ya ambaci Ahmad bin Hadidi wanda ya biya kuɗin ginin, da Musa bin Ali maginin, da shekarar 390 ta Hijira, wadda ta yi daidai da ƙarshen 999. Ku shiga ku ɗaga kai. Ginshiƙai huɗu sun raba rufin gida tara, kowane gida da ƙaramar ƙubba, kuma babu biyu da suka yi kama. Sannan ku dubi kawunan ginshiƙan: sun girmi masallacin, domin daga gine-ginen zamanin Bisigot aka ɗauko su. Ku matsa ciki kaɗan, za ku ga ginin ya ƙaru da wani ɗaki mai zagayayyen bango da zane-zanen Kirista. An ƙara shi ne a ƙarni na 12, bayan an mayar da wurin coci. In kun fito kuma ku dubi ƙasa, akwai manyan duwatsun wata hanyar Rumawa da masu tonon tarihi suka gano. Zamani huɗu ke nan a wuri ɗaya. Yawancin baƙi sukan ɗauki hoto su wuce cikin minti biyar.

Wanda ya iya kallon wannan ƙaramin gini, sauran garin zai zo masa da sauƙi. Babbar majami'ar Toledo, wadda aka fara ginawa a 1226 aka gama a 1493, tana zaune ne a gurbin babban masallacin Juma'a, shi kuma masallacin a gurbin wata tsohuwar coci. Za ku kuma lura cewa hasumiyar wasu coci-coci ta yi kama da ta masallaci. Dalili shi ne bayan 1085 magina Musulmi sun ci gaba da zama a garin, kuma salon da suka gada shi aka ci gaba da yi wa Kirista da Yahudawa gini da shi. A unguwar Yahudawa, can yamma, wuraren ibadarsu biyu sun rage. Ɗaya fari ne fat, cike da ginshiƙai, wanda baƙo zai rantse masallaci ne, kuma sunan da yake amsawa yanzu na coci ne, Santa Mariya la Bilanka. Ɗayan kuwa Samuwel Halebi, ma'ajin Sarki Fedro, ya gina shi a tsakiyar ƙarni na 14, da rubutun Ibrananci da na Larabci a bangonsa. Yanzu gidan tarihi ne.

Akwai wani aiki da aka yi a garin nan wanda ba za ku gan shi a bango ba, amma ya shafe ku, ku masu koyon harshe na biyu. A ƙarni na 12 da na 13 malamai sun riƙa zuwa Toledo daga sassan Turai saboda littattafan Larabci da ke cikinta, na likitanci da lissafi da ilimin taurari da falsafa. Wani lokaci mutum biyu suke haɗuwa a kan littafi ɗaya. Wanda ya san Larabci, Bayahude ko Kirista ɗan gari, ya karanta ya faɗi ma'anar da harshen kasuwa, ɗayan kuma ya rubuta da Latin. Jerad, mutumin Kiremona ta Italiya, wanda ya rasu a 1187, ya fassara littattafai fiye da 70. Cikinsu har da Alƙanun na Ibn Sina, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana koyar da likitoci da shi a jami'o'in Turai. Masu harshe biyun nan da suka taya shi da ire-irensa aiki, yawancinsu ko sunayensu ba a adana ba.

Saboda duk wannan, za ku ji masu yi wa baƙi jagora suna kiran Toledo birnin al'adu uku. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce dukan gaskiyar ba, kuma bai kamata ku karɓi kirarin ba tare da tambaya ba. An zauna tare, an yi ciniki, an ari fasahar juna. An kuma yi zalunci. A 1391 an far wa unguwar Yahudawa. A 1492 aka ba su zaɓi, su shiga addinin Kirista ko su bar ƙasar, kuma a 1502 aka ba Musulmin yankin irin wannan zaɓi. A yau masallaci da wurin ibadar Yahudawa suna amsa sunayen coci. Ginin ya tsira, masu shi ne ba su tsira ba.

Masu son zane za su nemi aikin El Gireko, mutumin tsibirin Kirit wanda ya zo garin a 1577 ya zauna har rasuwarsa a 1614. Shahararren zanensa yana cocin Santo Tome, kuma layin shiga yakan yi tsawo. A shaguna za ku ga takubba, domin Toledo ta daɗe da suna wajen ƙira, da kuma wani ado da ake yi ta hanyar dasa zaren zinariya a jikin baƙin ƙarfe. Ku tambaya ko aikin hannu ne ko na inji, saboda farashinsu ba ɗaya ba ne. In kun sayi takobi, ku sani ba za a bar ku ku shiga jirgin sama da shi a jakar hannu ba. Tsarabar da ta fi sauƙi ita ce masafan, wata alewa da ake yi da sukari da garin 'ya'yan itacen almon. Abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, na dare kuwa sai tara. Wanda ba ya cin naman alade ya tambaya kafin ya sa hannu, domin yana shiga girkinsu da yawa. A watan Yuli da Agusta ma'aunin zafi yakan haura 35, saboda haka Afrilu da Mayu da Oktoba sun fi daɗin yawo.

Ku tuna kuma cewa garin nan gidan wasu ne. Ƙofar da kuke ɗauka hoto, akwai tsohuwa a bayanta da za ta fito zuwa kasuwa, kuma dole ta kutsa ta cikin ayarin baƙi kafin ta kai. Yawancin mutanen Toledo sun koma sababbin unguwanni a wajen ganuwa, kuma gidaje da dama na ciki sun zama masaukin baƙi. Saboda haka ku rage murya a lungu, ku ba mai gida hanya, kada ku ɗauki hoton mutum sai da izininsa. A cikin coci ku yi shiru, ku yi shiga ta mutunci, kowane addini kuke bi. Kalma biyu za su yi muku amfani ƙwarai: ola, wato sannu, da girasiyas, wato na gode.

Galibin baƙi da safe suke zuwa daga Madrid, da yamma su koma. In aljihunku zai ɗauka, ku kwana. Kafin faɗuwar rana ku tsallaka kogi ku hau tudun da ke kudu, wurin da ake kira Mirador del Baye. Daga nan za ku ga garin gaba ɗaya, da hasumiyar babbar majami'a, da fadar Alkasar mai kusurwa huɗu a can sama, da kogin da ya naɗe dutsen. In kun dawo ciki bayan an kunna fitilu, motocin baƙi sun riga sun tafi, lungunan sun koma hannun masu su, yara suna wasa a dandali, kuma za ku iya jin takun ƙafarku a kan duwatsu.