Ba Mu da Dusar Ƙanƙara, Amma Tutarmu Ta Je Olympics na Hunturu

Tambayi matashi a Wurma ko Dutsin-Ma wane ne Samuel Ikpefan, da wuya ka samu amsa. Amma ka ambaci Ahmed Musa ko Osimhen, yanzun nan majalisa ta kaure da musu. To shi ma Ikpefan kore-fari-kore ya saka, sai dai filinsa dusar ƙanƙara ce.

Zamiya a kan dusar ƙanƙara tana da manyan rassa biyu. Akwai ta gangarowa daga tsauni a guje, ana kauce wa sandunan da aka kakkafa. Akwai kuma ta dogon zango, inda mutum ke tura kansa da sanduna biyu, ya hau tudu ya sauka kwari. Wannan ta biyun numfashi take ci, kamar gudun fanfalaki.

Ita Ikpefan ke yi. An haife shi a Faransa a 1992, mahaifinsa ɗan Najeriya ne. A gasar Beijing ta 2022 shi kaɗai ya wakilci ƙasar nan, kuma shi ne ɗan Najeriya na farko da ya yi wannan wasa a Olympics. Bai ci lamba ba, amma ya buɗe ƙofa.

Mata ne suka riga shi zuwa. A PyeongChang a 2018, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga sun shiga tseren keken ƙanƙara. A Houston ta Amurka suka fara atisaye da keken katako, kuɗin shiri kuma ta intanet suka tara.

A Afirka kuwa, Lamine Guèye na Senegal ya yi zamiyar gangara tun a Sarajevo a 1984. Sai Philip Boit na Kenya, ɗan gudu da aka kai Finland ya koyi zamiya a 1996. A Nagano a 1998 shi ya zo na ƙarshe a tseren kilomita 10, kusan minti 20 bayan zakara Bjørn Dæhlie na Norway. Dæhlie bai tafi ba, ya tsaya jiransa ya rungume shi. Daga baya Boit ya raɗa wa ɗansa sunan Dæhlie.

Ga inda gizo ke saƙar: 'yan Najeriyar nan duk a waje suka tashi, inda akwai koci da kayan aiki. Boit ne ya fi kama da mu, domin ƙafa da huhu kawai ya mallaka, sai wani ya hango shi ya ɗauki nauyinsa.

Yaran Kurfi da Wurma masu tafiyar kilomitoci zuwa gona ko makaranta ba juriya suka rasa ba. Mai gani suka rasa. Ga matsalar tsaro da ta sa fita motsa jiki da asuba ya zama abin tunani.

Ba cewa muke a kawo ƙanƙara Katsina ba. Amma wayar da ke hannunka fa? Idan akwai mai gudu, ɗan kokawa ko gwanin langa a unguwarku, nemi izininsa, ɗauki bidiyo, rubuta sunan garinsa, ka ɗora. Su Adigun ma ta intanet suka samu tallafi.