Jawanci da Indonesiyanci a Bakin Ɗaliban Yogyakarta

A Yogyakarta, garin da Jami'ar Gadjah Mada take tun 1949, ɗalibai kan taru da dare a angkringan, amalanken masu sayar da shayi da 'yar shinkafa ƙunshe a ganyen ayaba. Nan Jawanci ke cin kasuwarsa, ana zolaya ana shewa. Washegari ɗalibi ya shiga ofishin malami, sai baki ya juye zuwa Indonesiyanci, ko da shi da malamin 'yan gari ɗaya ne.

Jawanci ya fi kowane harshen ƙabila yawan jama'a a ƙasar Indonesiya, masu jin sa sun haura miliyan 60. Duk da haka, a ranar 28 ga Oktoba 1928 matasa 'yan kishin ƙasa suka ɗauki Indonesiyanci, wanda ya samo asali daga Malayancin fatake, a matsayin harshen haɗin kai. Shi ne na aji, na jarrabawa, na neman aiki.

Amma a ganina ba aiki kaɗai ke jan ɗalibai ba, har da tsoron kuskure. Jawanci hawa-hawa ne: akwai ngoko na tsara da tsara, akwai krama na girmamawa. Cin abinci kaɗai ya ishe mu misali. Tsakanin abokai mangan ne. In kana ladabi kana maganar kanka, nedha za ka ce. In babba ne ke ci, sai dhahar. Yaron da ya yi tuntuɓen baki ya ce wa kansa dhahar, ya ɗora kansa a kujerar manya ke nan, kuma tsofaffi ba sa mantawa. Indonesiyanci kuwa makan ya ishi malami da ɗalibi. Wanda bai tabbata da kramarsa ba, me zai kai shi kasada? Ban ga laifinsa ba.

Saboda haka ngoko bai yi asarar komai ba tukuna. Kujerar krama ce Indonesiyanci ke zamawa a kai. Ana koyar da Jawanci a makarantun lardunan Jawa ta Tsakiya da ta Gabas da Yogyakarta, har da rubutunsa na hanacaraka, sai dai darasin mako-mako ba ya maye hirar kaka.

Akwai kuma gori. Wanda lafazinsa ya yi kauri ana ce masa medok, wani lokaci ndeso, baƙauye, shi ya sa wasu ke aron gue da lu, wato ni da kai, na 'yan Jakarta. Abin dariya, matasa ne dai suka riƙa cika filaye suna rera waƙoƙin soyayya na mawaƙi Didi Kempot da Jawanci har ya rasu a watan Mayun 2020, kuma yawancin waƙoƙin da ngoko suke.