Tagwaitakar garuruwa: zumunta a ƙafa take

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai kaya Kano ko Kwatano ya san darajar mai masauki. Shi ke tarbar baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa in rigima ta taso, domin ya san wata rana shi ma baƙo ne. A kan wannan tunani aka gina abin da Faransawa ke kira «jumelage», wato tagwaitaka tsakanin garuruwa biyu na ƙasashe dabam.

Abin ya yi ƙarfi ne bayan yaƙin duniya na biyu. A shekara ta 1950, shekara biyar kacal da ajiye makamai, garin Montbéliard na Faransa ya ƙulla zumunci da Ludwigsburg na Jamus. Magajin garin Montbéliard na lokacin, Lucien Tharradin, mutum ne da Jamusawa suka tsare a sansanin Buchenwald. Duk da haka shi ya miƙa hannu. Ya kuma sami tsohuwar igiya da zai kama: kusan shekara 400 garinsa ya yi a hannun gidan sarautar Württemberg, wanda ya gina fadar Ludwigsburg.

A wannan fada ne, ranar 9 ga Satumba 1962, Janar De Gaulle ya yi ma samarin Jamus jawabi da harshensu. Ranar 22 ga Janairu 1963 ya sa hannu da Konrad Adenauer a kan yarjejeniyar Elize, kuma a cikin shekarar aka kafa ofishin matasa na ƙasashen biyu, OFAJ. Daga lokacin zuwa yau matasa fiye da miliyan 9 sun yi ziyarar juna ta hanyarsa, kuma garuruwan da suka tagwaita sun haura 2.000. Ɗan lakwal ya kan sauka gidan takwaransa, ya ci tuwon gidan, ya shiga ajinsu, bayan watanni shi ma ya karɓi baƙuncinsa. Tsarin Erasmus, da Turai ta buɗe a 1987 da ɗalibai dubu uku da ƴan kai, ya faɗaɗa wannan hanya zuwa jami'o'i.

Afirka ma ta shiga sahu: a 1967 Loudun ya tagwaita da Wagadugu. A nan Nijar, Tilaberi ta ƙulla da Juvisy, Filinge da Athis-Mons, Tasawa da Conflans-Sainte-Honorine, Dogon Dutsi da Orsay. Ba mai musun alherin da aka samu: rijiyoyi, azuzuwa, littattafai, horar da ma'aikatan magajin gari. Amma mu faɗi gaskiya, zirga-zirgar ba ta yi daidai ba. Baƙi sun zo da yawa, namu da suka tafi kaɗan ne, kuma galibi manya ne masu muƙami, ba ƴan lakwal ba. Kuɗin jirgi da wahalar biza sun tsaya a gaban yaran. Hannu guda ke bayarwa, guda na karɓa.

Rauninsa ya fito fili a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Faransa ta dakatar da tallafin raya ƙasa, kuma a Janairu 2024 ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai. Ɗalibai masu shirin tafiya karatu suka ga hanya ta toshe. Zumuncin da ya dogara kan kuɗin gwamnati ya girgiza. Inda aka san juna gida da gida, gaisuwa ba ta yanke ba.

Darasin Montbéliard ke nan: ba aljihu ya haɗa su ba, yara ne suka yi ta kai da kawowa har ƙiyayyar iyaye ta gushe. Mu kuwa ba sai mun jira jirgin sama ba. Maraɗi na da jami'a, Katsina na da tata, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Damagaram da Kano sun san juna tun zamanin ayari. Me zai hana magadan gari da shugabannin makarantu su tsara musayar ɗalibai, namu su koyo Ingilishi, nasu su koyi Faransanci, ƴan kasuwa su ɗauki nauyin mota da masauki? Wanda ya sauki ɗan wani a yau, ya yi ma ɗansa tanadin masauki gobe.